Giyar ganga da giyar tuffa: abin da na tarar a wani bikin giya a Ingila

Na isa filin bikin da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ranar Alhamis, wato rana ta biyu da buɗewa, a wani gari da ke tsakiyar Ingila. Babban tanti ne aka kafa a kan ciyawa, kuma tun daga bakin ƙofa aka karɓi kuɗin shiga, aka miƙo mini tambulan na gilashi wanda ake mayar wa mutum da kuɗinsa idan ya maido shi, da ɗan littafi mai jerin sunayen giya, da katin da ake soke farashin duk abin da aka zuba maka. A jikin tambulan ɗin akwai layuka uku: na sama shi ne fayint, wato mililita 568, na tsakiya rabinsa, na ƙasa kuma sulusi. Layin ƙasan nan shi ne abin da ya fi amfanar da ni a wurin, domin sulusi shida fayint biyu ne kacal, ga shi kuma mutum ya ɗanɗana giya iri shida yana cikin hayyacinsa.

Giyar da aka taru dominta ita ce wadda Turawan Ingila suke yi wa kirari da giyar gaskiya, ni kuwa na fi son in kira ta giyar ganga. Bambancinta da giyar kwalba ko ta famfon iskar gas shi ne ba a tace ta, ba a dafa ta don kashe yis ɗin da ke cikinta, ba a kuma cusa mata iska daga waje. Ana zuba ta a ganga da sauran yis mai rai, sai ta ci gaba da nuna a ciki, ɗan kumfan da take yi ma na kanta ne. A shekarun 1960 manyan kamfanoni sun juya wa irin wannan giya baya saboda wahalar ajiyarta, abin da ya sa wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta. Daga nan ne irin waɗannan bukukuwa suka yaɗu: na Kambrij ya fara a 1974, babban na ƙasa kuma an fara shi a 1977 a Alexandra Palace da ke Landan.

Gangunan suna jere a kan katanga ta ƙarfe hawa biyu, kowace an ɗan karkata ta, an rufa mata jiƙaƙƙen mayafi mai sanyaya ta. Wani dattijo daga cikin 'yan sa-kai masu zuba giya, wanda na lura ba ya gaggawa ko da layi ya yi tsawo, shi ne ya bayyana mini cewa kowace ƙaramar ganga galan 9 take ɗauka, fayint 72 ke nan, kuma da zarar an fasa ta iska ta fara shiga, kwanakinta kaɗan ne kafin ta juya. Ya nuna mini ɗan turken katako da ake cusawa a ramin saman ganga don iskar da ta yi yawa ta fita, ya kuma ce dole a bar ganga ta kwanta kafin a taɓa ta, domin guggubin yis ya sauka ƙasa. Abin da ake sa wa don ya ja guggubin ƙasa, in ji shi, daga jakar iskar cikin kifi ake samo shi, shi ya sa littafin ya yi alama a gaban giyar da ba a sa wa ba saboda masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba. Sanyin da ake nema tsakanin digiri 11 ne zuwa 13, saboda haka wanda ya saba da giya mai raɓar firiji zai ji kurɓin farko kamar an yi masa rowar sanyi. Ni ma haka na ji, amma kafin tambulan na uku na gane cewa sanyi mai yawa yana danne ɗanɗano ne.

Na bi shawarar dattijon na fara da marasa ƙarfi. Ta farko baƙa ce mai sauƙi, ƙarfinta, wato yawan barasar da ke cikinta, bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, tana da gardin gasasshen sha'ir da ɗan zaƙi, ɗacinta kuma kaɗan ne. Daga nan na karɓi Landlord ta kamfanin Timothy Taylor da ke Yokshaya, mai kashi 4.3, wadda ta ci kambun gwarzuwar giyar Birtaniya har sau huɗu. A mashayun arewacin Ingila da kumfa mai kauri ake ba da ita, amma a nan da yake kai tsaye take zubowa daga bakin ganga, kusan ba kumfa a kanta, sai ɗanɗanon ya fito fili: zaƙin sha'ir a farko, sannan ɗacin furen hof, tsiron da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, ya biyo baya ya daɗe a maƙogwaro ba tare da ya gundure ni ba. Citra ta kamfanin Oakham, mai kashi 4.2, wata duniya ce daban, domin hof ɗin Amurka da aka yi ta da shi yana ba da ƙamshin ɓawon lemo tun kafin tambulan ya kai baki. Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce Plum Porter ta kamfanin Titanic, baƙa wuluk mai kashi 4.9, wadda ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan ƙaurin gashi suka haɗu a cikinta. Sulusi ya ishe ni, ina jin da fayint ne da zaƙin ya yi mini yawa.

Ba duka ne suka yi kyau ba. Wata ganga, ta wani ƙaramin kamfani da ba zan ambata ba, ta ba ni giya mai duhu-duhu kamar ruwan da aka dama, da tsami mai kama hanci. Da na mayar, matar da ke wurin ta sansana, ta kurɓa, ta zubar, ta juya allon gangar, ta zuba mini wata ba tare da ta sake soke katina ba. Wannan hali ya burge ni fiye da yadda giyar ta ɓata mini rai, kuma ya nuna cewa masu aikin sun san abin da suke sayarwa. Suna kuma ba da ɗan kurɓi kyauta ga wanda yake shakka kafin ya biya.

Ɓangaren giyar tuffa yana can ƙarshen tanti, kuma a nan ne na kusa yin kuskure. Ba ta da kumfa ko kaɗan, a jarkoki da akwatunan kwali take, kallonta kamar ruwan 'ya'yan itace, alhali yawancinta kashi 6 zuwa 7 ne, wasu ma sun wuce haka. Fayint ɗaya na mai kashi 7 ya kai awo huɗu na barasa a lissafin hukumomin lafiyar Birtaniya, waɗanda shawararsu ita ce kada mutum ya wuce awo 14 a mako. An jera su daga masu zaƙi zuwa waɗanda ba su da zaƙi sam, ni kuwa da ƙarfin hali na fara da ta ƙarshen layi, ta yankin Samaset, wadda aka matsa daga tuffa iri ɗaya mai suna Kingston Black. Bauri ne ya fara kama mini harshe da dasashi, sai tsami, sai wani ƙamshi kamar na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Kurɓin farko na yamutsa fuska, na biyu na fara gane ta, na uku na so ta. Tuffar yammacin Ingila irin su Dabinett don matsa kawai ake shuka su, ba su ciwuwa ɗanye, kuma baurin nan nasu shi ne ƙashin bayan giyar. Ta yankin Kent, wadda aka yi da tuffar ci da ta girki, ta fi tsabta a baki, tsaminta ya fi kaifi, sai dai ba ta daɗewa a harshe. Dokar Birtaniya ta yarda a kira abu giyar tuffa ko da ruwan tuffar da ke ciki kashi 35 ne kawai, saboda haka wanda ya san ta gwangwani kaɗai bai san wannan ba. Na rufe da peri ta Herefodshaya, wadda ake yi da wani ɗan itace ɗan'uwan tuffa, mai laushi da ƙamshin fure, kuma ita ce zan ba wanda bai taɓa shiga wannan ɓangare ba.

Game da sauran hidima, ruwan sha kyauta ne, akwai kuma famfon ɗauraye tambulan, abin da ya zama dole tsakanin baƙar giya da giyar tuffa. Abinci ya wadatar, cuku da burodi sun fi dacewa da giyar tuffa fiye da soye-soyen da ke waje. Kujeru ne suka yi ƙaranci ƙwarai, har na ga tsofaffi a tsaye riƙe da littafi da biro suna rubuta makin kowace giya a kan gwiwa. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tashar jirgin ƙasa tana kusa, don haka babu dalilin zuwa da mota.

Na koma ranar Asabar da yamma don in sake shan baƙar nan mai sauƙi, sai na tarar da an kife allonta, haka ma kusan rabin gangunan da na yi wa alama a littafina. Tantin ya cika maƙil, zafin jikin jama'a ya fi ƙarfin mayafan sanyaya, wasu daga cikin giyar da suka rage sun yi lami, kuma dattijon da ya yi mini bayani a nutse ranar Alhamis ko ɗaga kai bai samu damar yi ba. Giyar tuffa ce kaɗai na tarar yadda na bar ta, da yake iska ba ta shiga akwatinta, sai na karɓi sulusin peri na fita da shi kan ciyawa.