Diyyar inshora ko ƙara a kotu: wanne ya fi wa wanda ya ji rauni a wurin gini?

Magini ya faɗo daga kan tsani ƙugu ya karye, ko injin kwaɓa siminti ya cinye wa lebura yatsu. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko diyyar ma'aikata ce ta inshora, tsarin da Jamus ta kafa wa doka a 1884, ƙasashe da yawa suka bi sahu. A nan ba a tambayar laifin wa ne. Muddin a bakin aiki aka ji raunin, za a biya kuɗin asibiti da wani kaso na albashi. Ta fi sauri, sai dai galibi ba ta biyan azabar da mutum ya sha, kuma a wasu ƙasashen tana hana ka kai ubangidanka kotu.

Ƙara kuwa sai ka tabbatar da sakaci. Wa ya kafa tsanin? An ba ka hular kwano da igiyar ɗaure ƙugu? Hoton wurin kafin a gyara shi, rahoton likita, da abokan aikin da suka gani da idonsu, su ne jarinka, kuma abin takaici, mai tsoron rasa aikinsa ba ya saurin ba da shaida. Shari'ar na iya cin shekaru, ana iya faɗuwa, amma idan aka yi nasara kuɗin sun fi tsoka. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara. In ya wuce, shi ke nan.

Ni dai ina ganin mai ƙaramin rauni ya karɓi ta inshora. Wanda ya nakasa kuwa, kada ya sa hannu a kowace takardar sulhu sai lauya ya duba ko akwai wani ɗan kwangila ko kamfanin da ya ƙera injin da za a iya kai wa ƙara daban.