Zuwan farko Abuja da guzuri kaɗan: shatar yini, Bolt ko motar alon?

Yawancin wuraren da baƙo ke son gani a Abuja ba a biyan kuɗin shiga. Masallacin Ƙasa a buɗe yake ga mai salla, Dutsen Zuma daga bakin titi ake kallonsa, Dutsen Aso kuwa ana hango shi daga wurare da dama a tsakiyar gari. Abin da ke cinye guzurin baƙo shi ne kuɗin mota. Garin da aka fara tsarawa bayan dokar Janar Murtala ta 1976, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, don mai mota aka shimfiɗa shi. Tituna ne masu faɗi, unguwanni nesa da juna, kuma abin da kake hangowa kamar kusa sai ka yi rabin awa a ƙasa cikin rana ba ka kai ba. Saboda haka kafin ka rubuta wuraren da za ka je, fara yanke shawarar abin da za ka hau.

Cire acaɓa daga lissafi, tun 2006 aka hana shi aiki a cikin gari. Keke Napep iyakarsa cikin unguwanni irin su Gwarinpa da Kubwa da Lugbe, ba zai kai ka Maitama ko sakatariyar tarayya ba. Hayar motar da za ka tuƙa da kanka kuma ba ta mai tattali ba ce, ga gadojin sama da in ka kuskure mafita ɗaya sai ka yi zagayen kilomitoci kafin ka dawo.

Bolt da Uber da inDrive, motocin hayar da ake kira ta manhajar waya, suna aiki sosai, kuma don tafiya guda, musamman da daddare, su ne mafi kwanciyar hankali, tunda sunan direba da lambar motarsa suna cikin wayarka. Matsalarsu ga mai yawon buɗe ido ita ce kowace tsayawa sabon kuɗi ce. Wuri shida, tafiya bakwai. Farashi yana tashi da safe da yamma da lokacin ruwan sama, kuma idan motar ta ajiye ka a Zuma ko Ushafa za ka daɗe kana jiran wadda za ta dawo da kai. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2018 aka sake farfaɗo da shi a Mayun 2024, yana da daɗin hawa, sai dai layinsa daga tsakiyar gari ta Idu zuwa filin jirgin sama ne, da reshe zuwa Kubwa. Bai bi ta wuraren kallo ba. Ka hau shi don nishaɗi idan kana da rarar yini.

Zaɓina ga mutum uku ko huɗu da suka zo tare shi ne shatar tasi ta yini guda. A baki kuɗin yana da nauyi, amma idan aka raba shi huɗu, aka kwatanta da tafiya bakwai ko takwas a manhaja, shatar ce ke da sauƙi, ga shi motar tana jiranku duk inda kuka tsaya, jakunkuna da ruwan sha suna ciki. Mutum ɗaya tilo ne kawai shata ba ta yi wa araha.

Direban shi ne rabin cinikin. Wanda ya fi shi ne wanda mai masaukinka ya sani, ya san gidansa ko tasharsa. In babu, je babbar tasha kamar Jabi ko Utako, ka nemi ofishin 'yan ƙungiyar direbobi su haɗa ka da ɗan layinsu, mai mota fentin kore da fari da lambar ƙungiya a jiki. Direbobi Hausawa suna da yawa a can. Kada ka yi ciniki da ɗan kamashon da ya tare ka a bakin ƙofa ya karɓi jakarka, ladansa a cikin kuɗinka zai fito. Ka ga motar da idonka tun ana gobe za ku fita: tayoyi huɗu da safaya, takardun mota da lasisin direba. Motar da takardunta suka mutu za ta iya kwana a hannun jami'an hanya, kai kuma yininka ya tafi a bakin titi.

Wajen ciniki abu huɗu ake faɗa a fili, a gaban shaida. Na farko lokaci: ka ce masa, Malam, daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa bayan magariba. In ka ce "yini" kawai, shi yininsa yana ƙarewa da la'asar. Na biyu wurare, ka lissafa su da suna, musamman Zuma, domin tana jihar Neja ne, kuma direba da yawa zai ce bai san za a fita Abuja ba. Na uku mai. Hanya mafi tsafta ita ce ku yi cinikin aikinsa da motarsa daban, ku kuma ku sayi mai a gidan mai da hannunku. Zagayen da zan bayyana a ƙasa ya kai kimanin kilomita 150, ƙaramar mota kuwa takan ci kamar lita ɗaya a kilomita 10, wato ku yi lissafin lita 15, ku ƙara biyu ko uku idan za a kunna esi. Na huɗu kuɗin fakin a kasuwa da wuraren shaƙatawa, wannan naku ne, ku riƙe canji na ₦200 da ₦500. Kada ku biya duka da safe. Kafin alƙalami kaɗan, sauran idan ya sauke ku a masauki. Abincin ranarsa kuma ku saya masa, direban da ya ci tare da ku ba ya yawan duba agogo.

Ranar da ta fi ita ce Asabar. Ma'aikata ba sa fita, hanyar Kubwa a buɗe take, kasuwa kuma tana ci. Lahadi tituna sun fi zama wayam amma yawancin shagunan Kasuwar Wuse a rufe suke. Juma'a tana da nata daɗin ga mai son sallar Juma'a a Masallacin Ƙasa, sai dai hanyoyin da ke kewaye da shi sukan cushe tun kafin azahar.

Ku fara da na nesa tun rana ba ta yi zafi ba. Ku bi babbar hanyar Kubwa, ku wuce Zuba zuwa Madalla, inda Dutsen Zuma yake a gefen hanyar Kaduna. Shi ne dutsen da ke jikin takardar ₦100, ku riƙe guda ku kwatanta, kuma daga ɗan nesa aka fi ganin siffar fuskar da ake magana a kai. Minti 30 ya isa. A dawowa ku ratse ta Dutsen Alhaji zuwa Ushafa, ƙauyen maginan tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda Abuja ke sha daga gare ta. Madatsar ta hukuma ce, ku yi sallama da masu gadi ku nemi izini. Daga nan sai Maitama, lambun Millennium Park da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003. A nan ake shimfiɗa tabarma a ci abincin da aka zo da shi, wanda ya fi sayen na Maitama sauƙi nesa ba kusa ba. Ku ratsa ta gaban Dandalin Eagle da Majalisar Dokoki a cikin mota, waya a aljihu, domin ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro ko hanyar fadar shugaban ƙasa yana iya jawo tambayoyi na awanni. La'asar a Masallacin Ƙasa mai ƙubbar zinariya da hasumiya huɗu, sannan Kasuwar Wuse kafin ta tashi, sai tafkin Jabi da faɗuwar rana. In da sauran ƙarfi, kilishin tsaraba a Area 1.

Saura motar alon, wato ƙananan motocin da ke ɗaukar fasinja a hanya kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Ita ce mafi araha, ita ma'aikatan Nyanya da Kubwa da Lugbe ke hawa kullum, kuma mai zuwa shi kaɗai da wuya ya guje mata. Amma ita ce ƙofar da 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, ke shigowa ta ciki, kuma baƙo ne abincinsu.

Yadda suke aiki sananne ne. Mota ce ta gida ko mai fentin tasi, da mutum biyu ko uku a ciki kamar fasinjoji, sau da yawa har da mace don hankalinka ya kwanta. Suna tsayawa inda mutane suka gaji da jira, ƙarƙashin gada ko gefen babban titi, su kira unguwar da kowa ke nema, saura mutum ɗaya. Da ka shiga sai a ce ƙofarka ba ta rufu ba, na kusa da kai ya miƙo hannu kamar zai taimaka, ɗaya hannun yana cikin aljihunka. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai munin shi ne a kulle ƙofofi, a ɗaga gilashi, a karɓe waya da katin banki, a tilasta maka faɗin lambar sirri, a kwashe kuɗin da na'urar POS ko taransifa, sannan a jefar da mutum a gefen hanya, wani lokaci motar tana gudu. An rasa rayuka ta haka a Abuja. Akwai kuma masu damfara da baki: direba ya fara faɗa da wani fasinja a kan buhun daloli da ya gano a but, a ce a je a raba da kai don ka yi shiru. Duk motar bakinsu ɗaya. Ka ce za ka sauka a wurin da jama'a suke, kada ka tanka zancen.

Kariyar ba ta da tsada. Hau mota a inda ake lodi da 'yan ƙungiya, kamar Berger ko Area 1 ko cikin tashar Nyanya, ko da za ka ƙara jira, kada ka tsayar da ta kan hanya. Duba lambar motar gaba da baya, ka tura wa mai masaukinka kafin ka shiga. Mota mai baƙin gilashi, ko wadda aka cire mata hannun buɗe ƙofa na ciki, ka bar ta ta wuce. Idan na bakin ƙofa ya fito ya ce ka shiga tsakiya, ka ƙi. Katin da ke ɗauke da duk guzurinka ka bar shi a masauki, ka fita da kuɗin yini kawai, manhajar banki kuma ka rage mata iyakar abin da za a iya turawa a rana. Bayan isha babu alon ga baƙo, mace ko namiji. Ko motar manhaja ce, ka tabbatar lambar da fuskar direban sun yi daidai da na wayarka, kuma kada ka yarda ya ce ka soke tafiyar ku yi ciniki a baki, domin da ka soke babu sauran wanda ya san kana cikin motarsa. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Masauki ma da kuɗin mota ake auna shi. Ɗakin Mararaba ko Nyanya ya fi araha, kuma shi ne kan hanyar mai zuwa daga Jos ta Keffi, amma cunkoson wannan hanya da safe da yamma a ranakun aiki zai cinye ragin da aka yi maka, a kuɗi da a lokaci. Mai zuwa a jirgin ƙasa daga Rigasa gara ya sauka a tashar Kubwa ya kama ɗaki a can maimakon ya wuce Idu, tunda Zuma da Ushafa duk ta wannan ɓangaren suke, direban shata zai ɗauke shi a ƙofar masauki ya rage mai. Wanda motar Kano ko Katsina ta sauke a Jabi ko Utako kuwa ya nemi ƙaramin masauki nan kusa. Ya ga ɗakin da idonsa, ya buɗe famfo, ya tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta, sannan ya biya a kan teburin karɓar baƙi ya karɓi rasit. Kada ya tura kuɗin ɗaki ga lambar asusun da ya gani a Facebook ko Instagram tun yana gida, hotunan gidajen mutane ake ɗauka a tallata, ka iso da jaka ka tarar mai gadin bai taɓa jin sunan wanda ka biya ba.