Inda muka riƙa kwana da araha a zagayen wuraren wasa na Ohio da Pennsylvania

Duk wanda zai ɗauki iyali a mota ya zaga manyan wuraren wasa masu jiragen lilo na Amurka a hutun bazara, ya sani cewa kuɗin kwana ne zai fi cin aljihunsa, tikitin shiga yana baya. Tikiti ana samun rangwame a intanet, wani ma tikitin shekara yake yanka ya huta. Ɗakin kwana kuwa kullum sai an biya, kuma garuruwan da ke kewaye da waɗannan wurare sun san cewa kasuwarsu ta 'yan watanni ce, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, saboda haka a nan suke neman ribar shekara.

Mu a Columbus ta jihar Ohio muke zaune. Ni da maiɗakina da yara da ƙanina da ke karatu a nan muka tashi, muka fara da Kings Island a garin Mason kusa da Cincinnati, muka haura arewa zuwa Cedar Point a bakin tafkin Erie, daga nan muka shiga Pennsylvania: Kennywood a gefen Pittsburgh, Knoebels a ƙauyen Elysburg, muka ƙare da Hersheypark. Hanyoyi uku na bi wajen neman masauki, kuma su nake son in yi sharhi a kai: manhajar da ke ɓoye sunan otal har sai ka biya, kama ɗaki kai tsaye a ƙananan otal-otal na bakin hanya, da kuma ɗakin katako a sansanin masu kafa tanti.

Abin da ya fi rage mana kuɗi wurin da muka zaɓa mu kwana ne, ba wata manhaja ba. Kada ka kwana a bakin ƙofar wurin wasa, ka kwana a kan hanyarka ta zuwa na gaba. Sandusky, garin da Cedar Point take, ita ce ta fi nuna min haka. Cedar Point tana kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin tafki, tun 1870 mutane ke zuwa shaƙatawa a wurin, kuma titin US 250 da ke kai wa garin cike yake da otal dama da hagu. Ranar Asabar a watan Yuli, ɗakin da ba shi da wani abin a zo a gani a kan wannan titi farashinsa ya kusa ninka na irinsa a Norwalk ko Fremont, garuruwan da tafiyar da ke tsakaninsu da wurin wasan ba ta wuce rabin awa ko ɗan fiye ba. Tunda dai bayan an tashi daga wasa gabas muka nufa, sai muka hau babbar hanyar Ohio Turnpike da daddare, yara na barci a baya, muka yi tafiyar kamar awa guda muka sauka a wajen Cleveland. Ɗakin ya fi araha, kuma da gari ya waye mun riga mun ci kashi ɗaya cikin uku na hanyar Pittsburgh.

A Kings Island dabarar ta ɗan bambanta. Unguwannin Sharonville da Blue Ash da West Chester cike suke da otal-otal da aka gina domin ma'aikatan kamfanoni da masu zuwa taro. Waɗannan daga Litinin zuwa Alhamis suke cika, ranar Juma'a da Asabar kuma sai farashi ya sauko, saɓanin na bakin wurin wasa da ke tashi a ƙarshen mako. A West Chester muka sauka, kuma na ji daɗin hakan ta wata fuskar, domin babban masallacin Islamic Center of Greater Cincinnati yana nan kusa, ni da ƙanina muka samu Juma'a cikin jam'i kafin mu ɗauki hanya.

To, batun manhajar da ke ɓoye suna. Yadda take aiki shi ne, otal yana da ɗakunan da bai sayar ba, ba ya kuma son jama'a su ga ya karya farashi, sai ya ba manhajar ta sayar ba tare da ta faɗi sunansa ba. Za a nuna maka unguwa, da yawan taurari, da makin da baƙi suka ba shi, da farashi. Sai ka biya sannan sunan ya fito, kuma ba a mayar da kuɗi, ba a canza rana. Rangwamen gaskiya ne, ban musa ba. Amma irin wannan ciniki mutum biyu kawai yake lamunce wa, ba ya yi maka alkawarin gado biyu, saboda haka ɗakin ƙanina kaɗai na riƙa kamawa da ita. A wajen Cincinnati ta ba shi ɗaki mai kyau ƙwarai, har ya fi namu. A gefen Pittsburgh kuwa ta jefa shi wani otal da ke ƙetaren babban titi daga namu, ɗakin da aka rubuta ba a shan taba a ciki amma labule da kafet duk ƙaurin taba. Ya kira ni ya ce, "Yaya, wallahi numfashi ma da ƙyar nake yi a nan." Muka sauka wurin mai karɓar baƙi, ta ce ba ta da ikon taɓa cinikin da ba da su aka yi ba, mu kira manhajar. Muka kira, aka bar mu a kan layi, a ƙarshe aka ce mu koma wa otal. A ɗakinmu ya kwana a ƙasa kan bargo, kuɗin kuma ya tafi. Hukuncina a kanta: ta dace da mutum ɗaya ko mata da miji da ba su damu da inda za a ajiye su ba. Mai yara ya nisance ta. Ciniki ne irin na biri a sama, kuma ranar da aka samu matsala babu wanda zai ce shi ne mai alhaki.

Kama ɗaki kai tsaye shi ya fi yi min aiki. Nakan duba farashi a manhajojin kwatantawa, in ga wanda ya yi min, sannan in shiga shafin otal ɗin da kansa ko in buga musu waya. Sau da yawa farashin ɗaya ne, wani lokaci ƙasa da haka idan ka yi rajistar zama mamba, wadda kyauta ce. Amfanin shi ne kana iya sokewa har zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, kuma a irin wannan tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan hadari ya taso da tsawa, manyan jiragen lilo tsayawa suke yi cak, sai ka ga ya fi maka ka sauya ranakun. Na kama ɗakunan tun da wuri, na riƙa leƙawa duk mako, inda farashi ya sauko sai in soke in sake kamawa. Wani abin lura kuma, yawancin waɗannan ƙananan otal-otal 'yan gida ɗaya ne. Super 8 da Days Inn na ƙarƙashin Wyndham, Comfort Inn da Quality Inn da Econo Lodge na ƙarƙashin Choice. Idan ka tsaya a gida ɗaya makin da kake tarawa yana haɗuwa, har ya kai ga kwana kyauta. Sai dai suna ba ya nuna tsabta, domin kusan kowane reshe da mai shi daban, sunan kawai ya karɓa haya. Sharhin baƙi na watannin baya-bayan nan nake karantawa, musamman hotunan da su suka ɗauka da wayarsu.

Duk ɗakin da muka shiga, maman yara ba ta bari a ajiye jaka a kan gado. A banɗaki ake fara jibge kaya, ta yaye zanin gado ta kunna fitilar waya, ta bi ɗinkin katifa ta wajen kai tana neman ɗigon baƙi ko ɓawon kuɗin cizo, ta leƙa bayan allon gado. Sai ta ce "Abban yara, shigo da su," sannan kowa ya zauna. Aikin minti biyu ne, kuma ya fi a kwaso su a jaka a kai gida.

Lambar da ka fara gani a allo ba ita za ka biya ba. Tun watan Mayun 2025 dokar hukumar kasuwanci ta tarayya ta tilasta wa masu masauki su haɗa duk kuɗaɗen dole a cikin farashin da suke nunawa, amma haraji bai shiga ciki ba. A Pennsylvania jiha na karɓar kashi 6 cikin 100 a kan ɗaki, ƙaramar hukuma ta ɗora nata a kai, a Ohio ma akwai harajin saye da na masauki. Ga kuma kuɗin da otal ke riƙewa a katinka saboda ko za a yi ɓarna. Idan katin bashi ne ba ka ji ba, idan katin asusunka ne kuɗinka ne na gaske ake ɗaurewa, yakan ɗauki kwanaki bai dawo ba, kuma a tafiyar da kullum sabon otal ne sai su taru. Ka tambayi adadin mutanen da ɗaki ke ɗauka, yawanci huɗu ne ko biyar, kuma wasu wurare ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ɗaki ba, abin da ɗalibanmu ya kamata su sani.

Karin kumallo kyauta yana cikin abin da nake dubawa, amma kada a ɗora masa buri. Naman da ke kan tebur kusan kullum na alade ne, mu ƙwai da burodi da madara da ayaba muke ɗauka, yara su gasa wainar fulawa a injin. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne ɗaki mai firji da na'urar ɗumama abinci. Mun tafi da kula cike da miyar da aka daskarar, da dambun naman da aka yi a gida, da tukunyar shinkafa ta lantarki. Cedar Point da Kings Island ba sa barin a shiga da abinci, to da rana mukan fito mota mu ci mu koma. Buta da darduma ma kada a manta su, babu otal ɗin da za ka tarar da buta.

Wurin da ya fi kwanta min a rai shi ne Knoebels, kuma a nan ne kaɗai na karya ƙa'idar kwana nesa da ƙofa. Iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1926, yana cikin kurmi, rafi na ratsa shi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a biyan kuɗin ajiye mota, lilon da ka hau shi kake biya, kuma kana iya shiga da tukunyarka ka zauna a rumfa ka ci. Maiɗakina ba ta hawa komai, wannan ne wuri ɗaya da ba mu biya mata kuɗin tsayuwa tana kallo ba. Sansanin kwanansu a jikin wurin wasan yake, da ƙafa ake shiga. Ɗakin katako muka kama: gadaje masu hawa biyu da katifa, wutar lantarki, tebur a waje da wurin hura wuta. Zanin gado da bargo da matashi naka za ka kawo, banɗaki da wurin wanka na kowa da kowa ne, sai ka ɗan taka. Na same su da tsabta. Daga bakin ƙofarmu muna jin rugugin Twister, jirgin lilon katako da ke dab da sansanin, da ihun waɗanda ke kai. Da azahar muka dawo muka yi salla, ƙaramin ya yi barci, da la'asar muka koma yara suka sake hawa Phoenix, wanda aka kwance daga San Antonio ta Texas aka sake ɗaurawa a nan a 1985. Dare a wurin da sanyi ko a Yuli. Matsalarsa ɗaya, ɗakunan ba su da yawa, tun da sanyi ake kama na bazara. Wanda bai samu ba ya duba Danville ko Bloomsburg a kan hanyar I-80.

Hershey ba ta buƙatar dogon bayani. Otal-otal ɗin cikin gari na masu hali ne, mu muka sauka a gefen Harrisburg, tafiyar minti ashirin. Abu ɗaya da ya kamata a yi amfani da shi: tikitin Hersheypark yana ba ka damar shiga da yammacin ranar da ta gabaci ranarka, na 'yan sa'o'i kafin a rufe. Daga Elysburg tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, saboda haka da kwana ɗaya a otal ka samu yamma guda da yini guda.

Zan faɗi gaskiya game da otal-otal na cikin wuraren wasan, domin ba kullum ne tsadarsu take zama asara ba. Baƙin Hotel Breakers na Cedar Point, wanda ke tsaye tun 1905, da na sauran masaukan kamfanin ana barinsu su shiga kafin sauran jama'a, kuma a wurin da layin hawa jiragen lilo irin su Steel Vengeance ko Millennium Force ke iya cin awa biyu, wannan lokaci na safe yana da daraja. Sun kuma huta da kuɗin ajiye mota, wanda a manyan wuraren yakan kai dala 30 a rana. Wanda yini ɗaya kawai yake da shi a Cedar Point, kuma tsakiyar mako ne, ya yi lissafi da kyau kafin ya kawar da kai. Mu da wurare biyar ke gabanmu, da ɗaki biyu a yawancin dare, lissafin bai fita ba.

Idan makarantar yaranka ta ba da dama, ka nufi farkon Yuni, ko kuma makon ƙarshe na Agusta lokacin da yawancin makarantun Ohio sun koma, ka kuma sa manyan wuraren a Talata da Laraba, ka bar Asabar ga Knoebels ko ga tuƙi. Ka saka E-ZPass, 'yar na'urar biyan kuɗin hanya, a mota kafin ka tashi, domin babbar hanyar Pennsylvania ta daina karɓar kuɗi a hannu tun 2020, kuma wanda ba shi da shi lambar motarsa ake ɗauka a aiko masa da takardar biya da ta fi tsada sosai.