Dara ko Free Fire: amsa ga Hajiyar da ɗanta ya hana ta sakat

Hajiya, barka da war haka. Kin ce ɗanki mai shekara 12 ya tasa ki gaba sai kin bar shi ya sauke Free Fire a wayarki, don duk 'yan ajinsu suna bugawa. Kakansa kuma ya ce ba a gidansa ba, in wasa yaron yake so a turo shi ƙofar gida a koya masa dara. Tambayarki ita ce, tsakani da Allah mene ne bambancin, ba duk wasa ba ne, ba duk cin lokaci ba ne?

Ni dai na taɓa duka biyun. Dara da ita na tashi, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Free Fire kuwa ɗan yayata ne ya jefa ni ciki da girmana da gemuna, na shafe watanni ina laɓewa bayan bango ana harbe ni. Saboda haka ba zan ce miki ɗaya aljanna ce ɗaya wuta ba.

Bari in fara fayyace darar da nake nufi, don sunan ya hau kan wasa biyu. Akwai mai gida 12, wadda ake zuba 'ya'ya hurhuɗu ana kwasa ana rarrabawa, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa. Akwai kuma ta jeri, wadda dattawa suka fi zama a kanta. A tona 'yan ramuka 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gida 6, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. Ana fara zubi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku tun a zubi ba. In an gama, gida 6 kacal ya rage ba kowa, a cikinsu za a yi duk yaƙin. Kana matsar da ɗa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka zare ɗan abokin karawarka guda. Huɗu a jere ba ci ba ne. Gwani shi ne wanda tun a zubi ya ɗana abin da ake kira doki: ya matsa nan ya ci, ya koma can ya ci, kai kana zaune kana kallon 'ya'yanka suna ƙarewa ɗai-ɗai. Zabarmawa ma a Nijar suna yin ta, dili suke ce mata.

Free Fire kuma kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fito da shi a 2017. Mutum 50 ake saukowa da lema daga jirgin sama a kan wani tsibiri, kowa ya ruga ya tsinci bindiga da sulke, filin yana ta tsukewa yana haɗa su wuri guda, wanda ya rage a raye shi ya ci, allo ya rubuto masa Booyah. Zagaye guda bai cika wuce minti 15 ba. Abin da ya sa ya bazu a irin unguwanninmu shi ne an ƙera shi don ƙananan wayoyi. PUBG Mobile, wani wasan harbi irinsa da ya fito a 2018 mai ɗaukar mutum 100, ya fi son waya mai ƙarfi, shi kuwa wannan 'yar Tecno ko Itel ta gida ma tana jan sa.

Ta fannin kaifin ƙwaƙwalwa, kowanne da abin da yake wasawa. Dara tana koyar da lissafi da haƙuri da hangen taku uku a gaba. Free Fire yana koyar da saurin ido da yatsa, da karanta taswira, da rabon aiki in ana buga shi mutum hurhuɗu: wane ya tsare baya, wane ya tashi wanda aka kayar. Wanda ya ce ba basira a ciki bai taɓa bugawa ba. Nan wurin kunnen doki na ba su, mu wuce.

Inda suka rabu, Hajiya, shi ne wajen tashi. Ki tambayi kanki, wa ke tashin wasan?

Dara tana da masu tashinta da yawa, kuma ba sa neman izinin kowa. Ladan ya kira magariba, an tashi. Duhu ya yi, ba a ganin ramuka, an tashi. Abokin karawa ya gaji, ko an aiko daga cikin gida tuwo ya sauka, ko akuya ta ratsa ta kan gidajen ta watsa komai, an tashi ana dariya. Sama da duka, babu wani mahaluki a duniya da zai ƙaru da ko sisi don kun ƙara zagaye ɗaya. Ramukan ba su damu da ku dawo gobe ko kada ku dawo ba.

Free Fire kyauta ake sauke shi, kuma duk abin da kamfani ya ba ki kyauta, sai ki duba ta ina yake ci. A nan daga zaman yaron ake ci. Shi ya sa aka gina wasan yadda ba shi da magariba. Ka shiga yau akwai 'yar kyautar yau, ka tsallake gobe ka rasa ta gobe. Akwai matakan girma da ake hawa, daga Bronze har Heroic da Grandmaster, ka ci maki ya hau, a kashe ka da wuri maki ya zube, kuma in kakar wasa ta ƙare sai a dawo da kowa ƙasa a sake hawa. Ana kashe ka, maɓallin sake shiga yana nan ƙarƙashin babban yatsanka, kuma ko ƙarfe biyun dare ne akwai wasu 49 da ba su yi barci ba suna jiran a cika jirgi. Ni da furfurata na sha cewa wannan ne na ƙarshe har sau biyar a dare guda. Abu uku ne kawai ke tsayar da shi: caji ya ƙare, data ta ƙare, ko wani babba ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ma'ana aikin da ladan da duhu da akuya suke yi wa dara, a Free Fire ke za ki yi shi, kullum, da bakinki. In kin san ba ki da ƙarfin wannan jan-in-ja, to kin riga kin samu rabin amsarki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ƙona min rai. A cikin wasan akwai abin da yaran ke kira dayamon, da kuɗin gaske ake sayensa. Da shi ake sayen riguna, da fentin bindiga, da jarumai masu wata baiwa ta daban. Yaron da ya shiga da rigar da aka ba kowa, abokansa sun san bai da ko taro, kamar wanda ya je Idi da tsohuwar shadda. Akwai kuma wurin juyi, Luck Royale, inda kake zuba dayamon ka juya, ƙila abin da kake so ya fito, ƙila tarkace. Ki cire sunan Turancin ki kalli aikin, kin san abin da muke kiran wannan a Hausa. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasannin bidiyo caca ne. A gidanmu mun ɗanɗana. Yayata ta bar katin bankinta maƙale a wayar, sai ganin saƙon cire kuɗi ta yi ɗaya bayan ɗaya, kuɗin cefane ya koma rigar wani jarumi a tsibiri. Dara ta ci gida ke nan, ba tare da an tona rami ko ɗaya ba. Ba na musun cewa akwai inda ake ɗora kuɗi a kan dara, amma wannan a bainar jama'a ake yi, kuma yaro ɗan shekara 12 ba zai zauna a wurin ba tare da wani ya kora shi gida ba.

Akwai kuma batun a gaban wa ake cin ka. A dara, wanda ya lallasa ka yau shi za ka gaisar gobe da asuba a masallaci. 'Yan kallo sun kewaye ku, wani yana gyaran murya don ya tuna maka an ɗana maka tarko, wani yana tsokana. Dole ka koyi haɗiye kaye, ka yi murmushin yaƙe, ka share ramuka a sake zubi. In ka ci kuma ba ka isa ka yi wa sa'an babanka ihu a ka ba. Tsakanin jika da kaka kuwa abin ya fi daɗi, don dama akwai wasa a tsakaninsu, a nan ne yaro zai ce wa tsoho hannunka ya fara rawa kuma a yi dariya. A Free Fire, in an buɗe makirfo, wanda ke magana a kunnen ɗanki zai iya zama ɗan ajinsu, zai iya zama ƙato ɗan shekara 30 a wata ƙasa da bai san ubansa ba, ba kuma zai sake haɗuwa da shi ba. Inda ba kunya, zagi ba ya tsada. Na ji ashariya a harsunan da ban san sunansu ba.

Amma kada mu yi wa kakan nan kara fiye da kima. Dara tana buƙatar ƙofar gida, da ƙasa, da dattijo mai lokaci. Yaron da ke zaune a bene na haya, ko a sababbin unguwannin da kowa ya ja katanga ya sa ƙyaure, ko a garuruwan da rashin tsaro ya kashe dandali tun da daɗewa, ina zai samu wannan? 'Yan mata da dama ba a barin su zaman ƙofar gida, su kuma fa? Kuma dara ba waliyyiya ba ce: kowa ya san magidancin da ke zama a kanta tun hantsi har la'asar sakaliya, gida ba cefane. Sannan maganar yaron cewa duk 'yan ajinsu suna yi, kada ki raina ta. A zamaninmu wanda bai iya langa ba shi ake bari yana gadin takalma. Yanzu hirar da ake yi a lokacin tara ta Booyah ce, wanda bai sani ba ya zama bare a cikin sa'o'insa.

Zai kuma kawo miki hujjar cewa ana samun kuɗi da gem. Gaskiya ne, gasar duniya ta wasannin bidiyo da aka yi a Riyad a 2024 kyautarta ta haura dala miliyan 60, kuma Free Fire yana ciki. Sai ki tambaye shi yara nawa ke buga ƙwallo a layinku, nawa ne kuma suka zama Ahmed Musa.

In kina son ma'aunin da za ki gane abu ya fara ɓaci, ba yawan awanni kaɗai ake dubawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma alamomin da ta ambata uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illa, yawanci har tsawon wata 12. Mafi yawan masu bugawa ba sa kai wa nan. Sin kuwa ba ta tsaya jiran alamomi ba, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wato gwamnati ta zama ladan.

Wani abin lura, ba waya ce matsalar ba. Ludo King da mutum huɗu ke zagaye waya ɗaya a kan tabarma suna musu, ya fi kusa da dara nesa ba kusa ba, don ana kai 'ya'ya gida an gama. Haka ƙwallon PES a gidan gem: an biya kuɗin wasa ɗaya, alƙali ya hura tashi, wanda aka ci ya miƙe ya ba na layi wuri, abokin karawa yana gefenka kafaɗa da kafaɗa.

Da ɗana ne, gobe zan tura shi wurin kakansa, wannan ba sai an yi shawara ba. Free Fire kuma ba zan ce har abada ba, don in na hana a gida zai buga a wayar aboki inda ba na gani. Zan cire katin banki daga wayar, in sa sai da lambar sirri ake sayen komai. Makirfo a rufe sai da yaran da na san gidajensu. A falo za a buga, ba a ɗaki cikin bargo ba, kuma Asabar da Lahadi kawai. Ki ƙidaya masa da zagaye, kada ki ƙidaya da minti: zagaye uku ka miƙo. In kika fizge wayar ana tsakiyar yaƙi, makinsa ya zube, ya bar abokansa uku a fili, rigimar da za ta biyo baya ta fi wasan tsawo. Manhajar Family Link ta Google tana iya kulle waya in lokacin da aka ɗiba ya cika, sai dai ta fi aiki in yaron yana da asusunsa daban.

Sannan ki roƙi Baba, kakan yaron, alfarma ɗaya, kada ya riƙa bari yaron ya ci shi don lallashi. Ɗan yayata, mai kuɗin cefanen nan, tsohonmu ya yi masa doki sau uku a zama ɗaya ranar farko, ya tashi idonsa ya ciko. Har yau bai ci tsohon ko sau ɗaya ba. Makon jiya uwarsa ta kira ni tana faɗa, wai ya tona mata ramuka 30 a bayan ɗakin girki, ya kuma kwashe mata tsinken tsintsiya.