Hattara da jabun SSD: a cika shi da gwaji kafin a ɗora masa Windows

Jama'a, duk mai haɗa kwamfutarsa da hannunsa ya yi kaffa-kaffa da SSD, wato faifan ajiyar bayanai mai sauri, irin wanda ake tallatawa a kasuwannin intanet da araha mai ban mamaki. Za a rubuta 4TB ko 16TB, ga kwali mai sheƙi, ga tambarin babban kamfani. In aka fasa na waje, mai shiga ta USB, sau da yawa ƙaramin katin microSD ne a manne a ciki, wani lokaci har da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu.

Dabarar tana cikin manhajar da ke kan kwanturolan SSD ɗin, wato ƙaramin cif ɗin da ke sarrafa shi. An sauya ta ta riƙa faɗa wa kwamfuta girman ƙarya, ita kuwa Windows abin da aka faɗa mata take nunawa, ba ta aunawa. Sai a yi fomatin lami lafiya, a kwafi fayilolin farko su buɗu. Da zarar an wuce ainihin girman, a ce 64GB, sabon abin da aka zuba ko dai ya hau kan na baya ya shafe shi, ko ya bi iska. Sunayen fayiloli na nan, girmansu daidai, amma ka danna bidiyo ya ƙi tashi, hoto ya fito rabi toka-toka. Lokacin an riga an goge tsohon faifan, wa'adin mayar da kaya ma ya wuce. Abin da 'yan damfarar ke jira ke nan.

Jabun M.2, wato siririn SSD da ake cusawa a jikin madabod (babban allon kwamfuta), ya fi wuyar ganewa, domin girmansa kan cika. Ana kwaikwayon Samsung 980 Pro da 990 Pro, a liƙa takardarsu a kan allo mai arhar kwanturola, babu DRAM, ma'adanar wucin gadi da ke taimaka masa wajen sauri. Na gaske da kwanturolan Samsung yake zuwa, kuma manhajar Samsung Magician tana tantance shi. Akwai kuma tsoho da aka tatse, aka goge bayanan SMART ɗinsa, masu nuna lafiyarsa da awannin da ya yi aiki, ya koma kamar sabo fil.

Gwajin girma da ba ya ƙarya shi ne cika faifan. A saka shi a matsayin faifai na biyu, ba komai a ciki, a kunna manhajar H2testw a Windows, ko f3write da f3read a Linux. Za su rubuta bayanai har ya cika maƙil, su karanto su gani ko sun dawo daidai. Yana iya cin awanni, a bar shi ya kwana yana yi. Kuskure ko ɗaya ya fito, a mayar da kayan. Ga na USB kuwa, manhajar ValiDrive na taɓa wurare 576 a faɗin faifan, jabu kan tonu da wuri. Sannan a auna gudu da CrystalDiskMark: SSD mai tsohuwar mahaɗar SATA na kai wajen 550MB a daƙiƙa, NVMe, mai bin hanyar PCIe mai sauri, a PCIe 3.0 wajen 3,500, manyan na PCIe 4.0 wajen 7,000. A duba CrystalDiskInfo, lambar siriyal ta yi daidai da ta jikin faifan da ta kwali. Awannin aiki sifili kuwa ba hujja ba ce, tunda ana gogewa.

Amma kada a ɗora wa mai kaya laifin da ba nasa ba. 1TB ya nuna 931GB a Windows daidai ne, bambancin lissafi ne kawai. Sabon SSD bai fito ba? Galibi ba a raba shi a Disk Management, sashen Windows mai tsara faifai, ba ne, ko an cusa M.2 na SATA a ramin da NVMe kaɗai yake karɓa. A wasu madabod, amfani da ramin M.2 na kashe wasu ramukan SATA, littafin madabod ɗin ya faɗi waɗanne. Babban SSD na PCIe 4.0 a ramin 3.0 wajen rabin gudunsa zai yi, zafi ma na sa ya rage gudu in babu ƙarfen sanyaya shi.

In jabu ne, a ɗauki hoton sakamakon H2testw da na kwalin, a shigar da ƙorafi ta shafin kasuwar kanta. Mai kaya zai lallaɓa ya ce a rufe ƙorafin ya turo wani, ko a koma magana ta WhatsApp. Kada a rufe sai kuɗi sun dawo.