Takardar koke ko sake zama jarrabawa: amsa ga mahaifin da aka hana ɗiyarsa gurbin likitan haƙori

Assalamu alaikum Malam. Ka ce ɗiyarka ta nemi karatun likitan haƙori daga nan Argungu, makinta na JAMB ya yi kyau, amma jami'ar ta ajiye ta saboda sakamakon sakandare. A WAEC tana da D7 a Kemistiri, a NECO ta ci Kemistirin sai Fiziks ya sauka D7, su kuma kiredit biyar suke so a zama ɗaya. Kana tambaya ko ku rubuta takardar koke, ko ta sake zama jarrabawa. Allah Ya yi mata albarka, yarinyar da ta kawo nan ba ƙaramin ƙoƙari ta yi ba.

Hanyoyin nan biyu kowace da ciwon da take magani. Koke yana gyara kuskuren da aka yi wa ɗalibi, sake zama kuwa yana cike abin da ɗalibin bai kawo ba.

Koke yana da ƙarfi idan akwai abin da za ka ɗora yatsa a kai ka ce ga inda aka kauce. Yara da yawa suna rajistar JAMB kafin sakamakonsu ya fito, daga baya su manta ba su koma cibiyar CBT, inda ake rajistar JAMB da jarrabawarta ta kwamfuta, an ɗora shi ba, sai jami'a ta duba CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ta ga wayam. Wani sunansa ko ranar haihuwarsa ce ta bambanta tsakanin takardu. Wani kuma jiharsa aka rubuta ba daidai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu: jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankinsu, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, Kebbi da Zamfara kuma suna cikinsu. A irin waɗannan, takarda shafi ɗaya zuwa ga magatakardan jami'a, da lambar rajista da kwafin sakamako, tana iya dawo da gurbin da ya kusa salwanta. Kuɗinta bai wuce na buga takarda da na mota ba, kuma JAMB ma tana karɓar koke ta shafinta na intanet.

To amma na ɗiyarka, bisa yadda ka bayyana, ba kuskure ba ne. Kiredit daga C6 yake farawa zuwa sama, D7 ba ya ciki. Kason jiharmu ma waɗanda suka cika sharaɗi ake raba wa. Kuma karatun haƙori ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da za a ƙara kujera a aji. Majalisar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, makarantun kuma ba su da yawa a Arewa, irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri. Duk gurbi guda akwai yara a layi da takardunsu cif. Jami'in da ya karanta kokenka, ko ya tausaya, ba shi da hurumin tsallake su.

Sake zama ya fi tsada ta kowace fuska, gara in faɗa maka gaskiya. Tunda zama ɗaya ake so, ba Kemistiri kaɗai za ta rubuta ba. Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji duk sai sun fito da kiredit a takarda guda. Nan iyaye da yawa ke yin asara, su biya a gyara darasi ɗaya, a koma gidan jiya. Makin JAMB kuma na shekararsa ne kawai, don haka wancan mai kyau da ta samu ya tafi, sai ta sake neman wani cikin maki 400 na jarrabawar. WAEC tana shirya jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO tana yin tata wajen ƙarshen shekara. Ga kuma abin da ba a rubuta shi a rasit: budurwa ta zauna gida shekara guda a garuruwanmu, ka san maganganun da za su fara tasowa daga dangi. Wannan kai ne za ka tsaya mata. Amma karatun shekara shida ne, aikin kuma na tsawon rai, shekara ɗaya ba ta kai a bar shi dominta ba. Kemistiri da Fiziks ɗin nan ma su za ta tarar suna jiranta a ajin farko na jami'a, gara ta riƙe su da kyau tun yanzu.

Da ɗiyata ce, ga abin da zan yi. Gobe mu je cibiyar CBT a buɗe shafinta, mu tabbatar duka sakamakon biyu suna kai kuma jiharta daidai take. Mu buɗe kundin JAMB mu bi jami'o'in da ke da kwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, domin sharaɗin zama ɗaya ba ko'ina yake iri guda ba. Idan akwai mai karɓar zama biyu kuma ba a rufe canjin makaranta ba, wannan ya fi koke amfani. Idan an ga kuskure, a rubuta takarda a ranar, gajera, ba roƙo ba dogon labari. Idan ba a gani ba, a yi mata rajistar jarrabawa kafin a rufe, a nemo malamin Kemistiri da Fiziks. Kada a zauna jiran amsar koke har rajista ta wuce. IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ma ba ta goge D7, masu shiga aji biyu kai tsaye su ma ana duba takardarsu ta sakandare.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai shigar da ita ta bayan gida, ka rabu da shi, JAMB ba ta amincewa da gurbin da bai bi ta CAPS ba. Idan kuma aka tura mata wani kwas a shafinta, kada ta danna karɓa sai kun zauna kun yi shawara, domin da zarar ta karɓa an rufe maganarta ta bana.