Gajeren sifirin ko na kamfani?

Motar da shokozobanta ke canza tauri da kansa, kwamfuta ce ke sarrafa shi, da lissafin tsayin da kamfani ya ba motar. Ka sa mata gajeren sifirin irin na masana'antun Eibach ko H&R, za ta sauka kamar milimita 30, ta sha kwana daram, ta ɗau ido a titin Yandoka na Bauchi. Amma shokozoba zai takura, ya gaji da wuri, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Ga sake alaimen, wato saita ƙafafun motar.

Na kamfani kuwa ba ya burge kowa. Sai dai ranar da damina ta cinye layinku, cikin motarka ba zai daki ƙasa ba. Ni dai a Bauchi, shi zan bari.